Abin da Muka Binne a Kalfu

Ni Tankari, shekara arba'in ina noma a Kalfu,
ban taɓa sa wa dawa lauje tana ɗanya ba.
Sai ta sunkuyar da kai, ta bushe,
tsuntsu ya ɗebi zakkarsa,
kara ya hau rufin ɗaki ya jira rani.
Haka na tarar.

Sai ga Haulatu, autata, daga makaranta a Tawa,
da littafi, da jarka biyu na maɗin rake, baƙi kamar kwalta.
Ta ce, Baba, ba ni gefen gonar fadama,
in yanke ta tun ƙwaya tana da nono,
in binne.

Na ce, wa ya mutu?

Yara suka haƙa rami iya ƙirjin namiji.
Aka sassara kara, kowane guntu bai wuce gaɓar yatsa ba.
A zuba, a yayyafa maɗin da aka tsinka da ruwa,
a barbaɗa gishiri da dussa,
a taka.
A sake zubawa, a sake takawa.
Ta ce iska ɓarauniya ce, kada a bar mata wurin zama.
Ɗanjimma mai tireda yana tsaye a bakin rami,
yana cewa bana Tankari ya yi wa dawarsa sutura.

Uwarta ce ta fara ganewa.
Ta leƙa, ta shinshina, ta shige gida,
ta fito da ƙwaryar ruwan nono mai tsami.
Ashe daddawa kuke yi wa shanu, ba ku faɗa ba?
Ai ko madara ba ta kamawa sai da iri.
Haulatu ta dubi littafi, ta dubi uwarta,
ta ce, zuba, Inna.

Leda, ƙasa, jajayen duwatsun Adar a bisa.
Daren nan ban runtsa ba.
Na ƙidaya damman da ba za su ga rumbu ba: sha ɗaya.
Na sake ƙidayawa ko za su ragu.

Rani ya zo, ya miƙa mu ga bazara.
A kasuwar Badagishiri damin harawa ya fi zakara tsada.
Jar saniyata ta koma tauna tsumma a juji,
haƙarƙarinta kana ƙirga shi daga ƙofar masallaci.

Ran Laraba muka buɗe.
Kusurwar gabas, inda gafiya ta yi ƙofa,
ta yi baƙi, ta yi funfuna, wari ya tura mu baya.
Ɗanjimma ya ce, ai na faɗa.
Haulatu ba ta tanka ba.
Ta kwashe ruɓaɓɓen da shebur, ta ce a kai gona,
ta tura hannu har gwiwa a tsakiya,
ta zaro.
Launin ganyen taba, da danshi,
da ƙamshin furar da ta kwana a sabuwar ƙwarya.
Damanar bara ce a tafin hannunta,
ba ta ma ji labarin an yi rani ba.

Saniya ta shinshina, ta kau da kai.
Kwana biyu tana yi mana yanga kamar mai ƙoshi.
Na uku, da asuba, na ji ƙarar tauna
kafin in ji ladan.
Mako biyu, nono ya haye tsagin ƙwarya
inda uwar Haulatu ta ɗinke da zare.

Jiya bayan isha'i an yi sallama a zaure.
Ɗanjimma ne, ba fitila.
Ya tambayi lafiyar gida, ya tambayi zafi,
ya tambayi ƙafata,
sannan, yana kallon ƙasa: ramin nan, zurfinsa nawa?
Na ce iya ƙirji. Kuma ka nemi kyanwa.

Har yau nakan tuna dami sha ɗayan nan
idan tuwo ya yi ƙaranci a akushi.
Bana Haulatu tana son rami biyu.
Na ce ɗaya da rabi.
Ta ce babu rabin rami, Baba.
Muna nan muna ciniki,
hadari kuwa ya fara leƙowa ta wajen Keita.